Jaji da Tambaya ta Uku

In ka fito daga cikin Birnin Gwari za ka kama hanyar Kaduna, kafin gidaje su ƙare akwai wani gidan ruwan leda mai baƙin get ta hannun hagu. Na Hajiya Rahma ne. A bakin get ɗin akwai benci, a kan bencin kuma, shekara shida cur, akwai Jaji.

Dogo ne siriri, irin wanda in ya tsaya ya jingina da sandarsa sai ka duba da kyau kafin ka ware mutum da sanda. A wata ruga bayan Tabanni aka haife shi, can ya yi wayo a bayan shanu, can ya yi aure, can furfura ta fara leƙo masa a gemu. Daga nan daji ya lalace. Kowa a nan ya san yadda aka yi, ba sai an maimaita ba. Wasu shanun an kora su da rana tsaka, sauran kuma ya sayar da hannunsa kafin a dawo a taya shi. Ya shigo gari da matarsa Fatsuma da autarsu Zulaiha da ƙore goma sha ɗaya waɗanda babu abin zubawa a ciki, ya kama hayar ɗaki biyu, Hajiya Rahma ta ba shi gadi.

Bai taɓa yin gadi ba, don haka sai ya yi abin da ya iya, ya mai da motocin kamfanin garke. Kowace ya san halinta. Akwai wata farar mota ƙirar kanta da yake kira Mai Gardama, akwai wata shuɗiya da ya ce tana da ciki tun bara saboda yadda take nishi a kan tudu. In za su shiga sai ya tsaya a gefe yana kaɗa sanda yana yi musu irin ƙyaccin da ake wa shanu a mashaya. Direbobi sun rantse cewa in mota ta ƙi tashi, yakan zagaya ya shafa mata goshi ya yi mata magana da Fillanci, kuma wani lokacin takan tashi.

Ba shi kaɗai ba ne a bencin. Abokin aikinsa Isaiah ne, mutumin Gbagyi, gajere kakkaura, daga wani ƙauye kusa da Gwaska. Shi ma abin da ya koro Jaji ne ya koro shi, ya baro gonar masara da rumbu uku. Hajiya ta ɗauke su su biyun ne da dabara: ranar Juma'a Jaji ya tafi masallaci Isaiah na nan, ranar Lahadi Isaiah ya tafi coci Jaji na nan. Sauran kwana biyar kuwa suna nan tare suna faɗa. Isaiah na kiran Jaji Arɗo, ko da yake ko akuya ba shi da ita. Jaji na kiran Isaiah Sarkin Noma, ko da yake gonar da ta rage masa ba ta wuce tushen barkono huɗu a bayan ɗaki ba.

"Arɗo, har yau ba ka biya ni masarar da shanunka suka ci ba."

"Wace shekara?"

"Kowace shekara."

"Ai taki suka zuba maka, Sarkin Noma. Ni ya kamata in zo karɓa."

Akwai abu ɗaya game da Jaji da duk wanda ya zauna da shi ya sani, wato fulako. Bai taɓa karɓar abu a tayin farko ba. Tasalla mai abincin ma'aikata za ta miƙo masa kwano, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, alhali ana jiyo kukan cikinsa daga tsallaken titi. Ta sake tayi, ya ce yanzun nan ya tashi daga kan tuwo. Sai a na uku, in ta haɗa shi da Allah, sannan zai miƙa hannu yana kallon wani wajen, ya ce to, don kada ta ce ya raina. Haka aka rene shi: mutum ba ya nuna yunwa, ba ya nuna so, kuma mai mutunci shi ne wanda ya san ya maimaita tayi har mai kunya ya samu ƙofar shiga. Tasalla ta sani, direbobi sun sani, Hajiya Rahma ta fi kowa sani. Duk shekara in za ta ba shi shaddar sallah sai ta ware minti goma.

Ana nan, a daminar dubu biyu da ashirin da huɗu, rediyon Isaiah ya kawo labarin cewa an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu saba'in. Abin da kowannensu ke ɗauka bai kai rabin haka ba. Isaiah ya tashi ya taka rawa a gaban get. Jaji bai yi rawa ba, amma an ga ya gyara zaman hularsa sau biyu, wanda a wajensa daidai yake da guɗa.

Kuɗin bai taso daga Abuja ba labarinsa ya riga ya iso kasuwa, ya hau kan mudun masara ya zauna. Mai shayi ya rage girman kofi. Mai gidan hayar Jaji, wanda bai taɓa gaishe shi ba, ya fara tsayawa yana tambayar lafiyar iyali. Fatsuma kuma ta je ta danna wata katifa a kasuwa da tafin hannu har sau biyu, ta dawo ta fara ƙorafin ciwon baya.

Dokar ta ce wurin da ke da ma'aikata ashirin da biyar ko fiye ne ya wajaba ya biya. Na Hajiya arba'in da ɗaya ne. Ita kuwa mace ce da ba ta son abin da zai haɗa ta da hukuma, ba ta kuma son ta kwana da haƙƙin kowa. Ta so ta ƙara kuɗin jakar ruwa, amma akwai wasu ƙananan gidajen ruwa uku a garin da dokar ba ta hau kansu ba, kuma mai jin ƙishirwa ba ya tambayar albashin wanda ya ɗaure leda. Ɗanta Shafi'u, wanda ya dawo daga karatu a Kaduna ta naɗa shi manaja, ya zauna da kwamfutarsa kwana biyu, ya fito da magana ɗaya: za a biya sabon albashi, amma sai an sallami mutum tara, kuma get ɗaya maigadi ɗaya. Hajiya ta saurara, ta yarda, sannan ta tuna cewa 'yarta ta haihu a Zariya kuma ana buƙatarta wajen wankan jego. Washegari da safe ta shiga mota. Ba za ta iya kallon idon mutane ba, sai ta bar wa mai kwamfuta.

Shafi'u yaro ne mai ladabi, kada a zalunce shi. Da ya zo kan masu gadi sai ya ga bai dace ya zaɓa tsakanin dattawa biyu ba, gara ya kira su su faɗa da bakinsu. Ya sa aka kawo musu kujeru har da lemo mai sanyi.

Jaji ya shiga ofishin hankalinsa kwance. Yana son aikin nan kamar ransa. Da shi yake biyan haya, da shi Zulaiha ke zuwa sakandare, kuma mutumin da ya haura sittin, wanda kiwo kaɗai ya iya, babu mai jiransa da wani aiki a Birnin Gwari. Amma ya girmi Isaiah da shekaru, ya riga shi fara aiki da wata huɗu, kuma ya san yadda irin wannan zama ke tafiya a wajen mutanen kirki. Za a yi tayi, ya ƙi. A sake, ya ƙi. A na uku a haɗa shi da Allah, ya karɓa yana kallon taga.

"Bappa, Baba Isaiah," in ji Shafi'u, don Bappa ake kiran Jaji a gidan ruwan, "kun ji halin da ake ciki. Mutum ɗaya za mu iya riƙewa a get. Bappa, kai ne babba, bari in fara da kai. Kana so ka ci gaba?"

"A'a, ɗana. A bar Sarkin Noma. Shi ke da 'ya'ya ƙanana."

Isaiah ma ba a daji aka tsinto shi ba, ya san kara. "Haba, ina ni ina zama Arɗo ya tafi. Shi ya riga ni. A bar shi."

Jaji ya ji daɗi, abu na tafiya a kan hanya. Shafi'u ya juyo.

"Bappa, ka ji abin da ya ce. Ka tabbata ba ka so?"

A nan ne Jaji ya ga ya kamata ya ƙawata ƙin na biyu, don na ukun ya fito da kyau. "Ai ni tsufa ya kama ni. Idon nan na hagu sai a hankali. Jiya ma na ga akuya na ɗauka babur ne. Ga barci. In na zauna a bencin nan bayan azahar, ko gidan za a ɗauke a kai Funtuwa ba zan sani ba."

Duk ƙarya ce. Jaji na iya gane Mai Gardama tun tana ɗigo a ƙarshen titi. Ya gyara zama, ya ɗan juya fuskarsa wajen taga, ya shirya.

Isaiah ya dube shi, ya ga mutum ya ƙi sau biyu har da kawo shaidar likita a kan kansa. A garinsu in ka yi wa mutum kara sau ɗaya ya mayar maka da ita da ƙarfi haka, ci gaba da ja rashin kunya ne. Ya share ido da bayan hannu.

"To, Arɗo, tunda ka matsa. Na gode. Allah ya saka maka."

"Allah sarki," in ji Shafi'u, ya danna wani abu a kwamfuta. "Bappa, ban taɓa ganin dattako irin wannan ba."

Jaji ya ci gaba da kallon taga na ɗan lokaci, ko akwai sauran magana. Babu. Ya ji bakinsa da kansa yana cewa madalla, ya miƙa wa kowannensu hannu, ya fito. Lemon ma bai sha ba, don sau ɗaya aka yi masa tayinsa.

Bai faɗa wa Fatsuma ba. Ta ina zai fara? Washegari ya tashi kamar kullum, ta ba shi furarsa a jarka, ya saɓa sanda ya tafi. Da ya iso get sai ya tsallaka titi, ya samu gindin wani mangwaro da ke kallon bencin, ya zauna. Haka ya yi kwana goma sha ɗaya. In mota za ta shiga, daga can tsallaken yake kaɗa mata sanda.

A kwana na uku Isaiah ya kasa haƙuri, ya tsallako.

"Arɗo, me kake yi a nan?"

"Inuwa nake sha. Ta gwamnati ce, ba ta Hajiya ba."

"Duk inuwar da ke garin nan sai wannan?"

"Ita ta san ni."

Isaiah ya tsuguna. "Ka ga, in kana son aikin nan ka faɗa mini, mu koma wajen yaron nan a sake zama."

"Wa ya ce maka ina so?"

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Jaji ya ɗan juya fuska wajen reshen mangwaro. Daidai lokacin shuɗiyar mota ta danna hon a bakin get, Isaiah ya tashi da gudu ya tafi buɗewa. Aka sake tsayawa a biyu.

Shi ma Isaiah bai ji daɗin sarautar ba. Lahadi ta farko ta zo, motoci na lodi kamar kullum, babu wanda zai bar wa get. Karo na farko ke nan cikin shekara talatin da aka yi sujada ba shi. Matarsa Rachel, wadda ke jan waƙa a zumuntar mata, ta ce masa ita ba ta auri maigadin da zai shiga sama da makulli a hannu ba. Lahadi ta biyu, yana zaune da kayan coci a jiki yana kallon agogo, sai ga Jaji ya tsallako.

"Tashi ka tafi, Sarkin Noma."

"Ai an sallame ka."

"Ba aiki zan yi ba. Bencin zan danne maka kada iska ta ɗauka."

Wannan alherin ne ya tona asiri. Ranar Litinin Rachel ta haɗu da Fatsuma a wajen injin niƙa, ta riƙe hannunta tana godiya. Ta ce ba ta taɓa ganin mutum irin Bappa ba, ya bar wa mijinta aiki da bakinsa, an sallame shi, amma ya dawo ya tsare masa get kyauta. Fatsuma ta ce ai babu komai, yi wa kai ne. Ta ɗauki garinta ta koma gida, ta jira.

Da la'asar sakaliya Jaji ya shigo, ya jingine sanda.

"Malam, ina kake zuwa kullum?"

"Bakin get."

"Ta ciki ko ta waje?"

Ya ɗauki buta ya duba ko akwai ruwa. Akwai. Ya ajiye. Daga nan ya faɗa mata komai, yana kallon bango.

Fatsuma 'yar ruga ce, ba ta tambaye shi me ya sa ya ƙi ba. "Sau nawa aka tambaye ka?"

"Biyu."

"Biyu. Yaron nan a hannun wa ya tashi?" Sannan ta juyo kansa. "Kai ma dai. Lokacin da kake cewa ka ƙoshi a gidan mutane, akwai nono a ƙwarya yana jiranka a gida. Yanzu me ke jiranka? Ni ce da Zulaiha da mai gidan haya. Har da cewa ba ka gani. Da ka ƙara musu da kuturta, a haɗa maka da sadaka."

"Ke ba ki san yadda zaman ya kasance ba."

"Na sani. Taga kake kallo."

Ranar da Hajiya Rahma ta dawo daga Zariya, ba ta gama kwance kaya ba Fatsuma ta yi sallama, Jaji na biye da ita kamar wanda aka kamo da kaza a riga. Hajiya ta saurari labarin, ta aika a kira Shafi'u.

"Sau nawa ka tambayi Bappa?"

"Sau biyu, Mama. Ya ce ba ya so. Ya ce ma idonsa ba ya gani."

"Wannan? Mutumin da ya hango ƙusa a tayar motata ina cikin tafiya?" Ta dafe kai. "Shekara huɗu ina biya maka makaranta, babu wanda ya koya maka ƙirga zuwa uku?"

"Mama, ai in mutum ya ce a'a..."

"In Bappa ya ce a'a, sallama ce ya yi. Maganar tana baya."

Shafi'u ya durƙusa ya ba da haƙuri, Jaji ya ce ai babu laifi, shi ne ma ya gode. Amma faɗan uwa bai canza abin da kwamfuta ta gani ba. An riga an ba Isaiah takarda, ya karɓa da zuciya ɗaya, kuma Hajiya ta ce ba za ta gyara kuskure da zalunci ba. Albashi biyu a get ɗaya kuwa ruwan leda ba zai ɗauka ba. Ta juya zoben hannunta, sannan ta tambayi ɗanta ko dokar ta yi magana a kan wanda ba kullum yake zuwa ba. Ya ce ba ta hau kansa ba.

"To ga abin da zan iya," in ji ta. "Lahadi, da ranar kasuwa da motoci ke yawa, da Laraba don Isaiah ya huta. Kwana uku a mako, kuɗin yini. Ba sabon albashin ba ne, tsohon ma ba zai cika ba, ba zan ɓoye maka ba. Bappa, za ka yi?"

Jaji ya gyara murya. Ɗakin Hajiya na da taga babba mai labule, ya same ta da ido.

"Ai Hajiya, akwai matasa da suka fi ni buƙata..."

"Zai yi," in ji Fatsuma.

"Ke, ban gama ba."

"Ya gama, Hajiya. Yaushe zai fara?"

Ya fara ranar Laraba. Yana nan har yanzu, kwana uku a bencin, sauran kwanakin kuma yakan je kasuwar dabbobi ya taya masu saye duba haƙori da kofato, a ba shi na goro. Katifar nan wani ya saye ta. Zulaiha ba ta bar makaranta ba, domin Fatsuma ta sauko da ƙore uku daga cikin goma sha ɗayan, tana saro nono tana dama fura a ƙofar gida.

Isaiah na ɗaukar dubu saba'in ɗinsa. Labarin ya isa duk inda danginsa suka warwatsu, daga Kaduna har Minna, kuma ya ce bai taɓa sanin yana da 'yan'uwa da yawa haka ba. Duk ƙarshen wata yakan kawo wa gidan Jaji tiya biyu ta masara. Ya koyi darasi, ba ya yin tayi, a hannun Fatsuma yake ajiyewa ya juya. Sauran mutum takwas da aka sallama, biyu suna acaba, ɗaya ya tafi ramin zinariya, matan da ke ɗaure jaka sun koma ɗaya daga cikin ƙananan gidajen ruwan nan a kan kuɗin da bai kai na da ba. Su ko sau ɗaya ba a tambaye su ba.

Kwanan baya wani direba ya tsokani Jaji a bakin get. Ya ce, "Bappa, tsakaninka da Allah, da Inna Fatsuma ba ta amsa ba ranar nan, a na uku za ka karɓa?"

Jaji ya yi tunani sosai, don ba ya son ya yi ƙarya.

"Hajiya babbar mace ce," ya ce. "Ita sai a na huɗu."